Ƙararrawar da ta koma ƙafar mota

Jiya wani matashi ya shigo shagona a nan Kaduna, ya tarar ina tura wa kwastoma hoton shokozobar mota ta waya. Ya gama kallona ya ce, "Oga, ashe sana'ar taku ba wuya. Ka ɗau hoto, ka tura Legas, gobe kaya su iso. Ni ma ita zan fara." Na ce Allah ya ba da sa'a. Ban ja da shi ba, amma ga amsata nan, shi da ire-irensa. Ku yi haƙuri da tsawonta, a waya nake bugawa.

A Zuru na koyi aikin nan, lokacin da wayar hannu ke shigowa gari, in kana son magana sai ka nemi tudu ka ɗaga ta sama. Maigidana Alhaji Mani ne, mutumin Jega. Shagonsa ba gilashi ba fanka, sabon kaya ma kaɗan yake ajiyewa. Aikinsa nemo abin da kasuwa ta ce babu. In bakanike ya zagaya ya gaji, sai ya ce wa mai mota, "Je wurin Mani."

Ranar da babana ya kai ni, na ɗauka kujera za a ba ni a bayan kanta. Sai Alhaji ya miƙo mini wata tsohuwar jakar makaranta. A ciki akwai ƙaramar sifana, zaren ɗinkin buhu, sandar sabulun wanki, da kwalin sukari da aka warware. Shi ke nan.

Na ce, "Alhaji, wanki zan yi?"

Ya ce, "Za ka gani, Lawali."

Na kuwa gani. Zaren na awo ne. Ka zagaya ƙarfe da shi, ka ƙulla inda ya haɗu, ka tafi da ƙullinka har kasuwar Panteka a Kaduna ko ta Ƙofar Ruwa a Kano, ba ruwanka da mantuwar lamba. In noti na da baƙon haƙori, ka danna shi a jikin sabulu, haƙoran su fito sarai. Kwalin kuma ka ɗora shi a kan ramukan noti ka murza da yatsa mai baƙin mai, tazarar ramukan ta zauna a jiki. Hotonmu ke nan a lokacin.

Sifanar ita ce babba, kuma ba ta kwance noti ba ce, ta bugu ce. Kun san dorom, kwanon ƙarfen nan da ke juyawa tare da taya, layinin birki ya cije shi daga ciki mota ta tsaya. Alhaji zai rataye tsohon dorom da waya ya ce in buga.

"Mi kaj ji?"

"Ƙara."

"Ƙara! Ko jaki ya ji ƙara. Kak ka yi sauri. Buga guda, ka bari muryar ta mutu da kanta, sannan ka matsa gaba ka sake."

Mai lafiya tiiin yake cewa, ya ja ta. Mai tsaga kuwa, ko da ido bai ganin tsagar, kwaf zai ce ya yi shiru. Masu kaya na cike tsaga da sabulu da baƙin mai su shafe da fenti, amma ba su da yadda za su yi da murya. Na yi watanni ina wannan bugun ɗaya-ɗaya har ya zame mini jiki, ko kwanon tuwo na ɗauka sai na ƙwanƙwasa. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Kwastomominmu direbobin akori-kura ne masu bin kasuwar Danko da Ribah, da masu tarakta, da tsoffin sojoji. Zuru kusan ba gidan da ba soja, kuma kowane tsohon soja ya dawo daga bariki da wata mota da aka daina ƙerawa tun kafin a haife ni. Su suka fi wuyar sha'ani. Direba zai karɓi abin da ya yi kama ya tafi. Tsohon soja sai ya jera naka da nasa a kan tabarma ya duba kamar ana fareti.

Ainihin sitonmu ba a shago yake ba. Gawarwakin motoci ne da ke kwance a bayan gareji, da gindin mangwaro, da bakin rafi. Alhaji ya san inda kowace take da abin da ya rage a jikinta. Sai ga shekarar da ƙarfe ya yi daraja, 'yan gwangwan suka shigo da tireloli da sikeli. Kafin damina ta zagayo sun share gari. Motar da ke da kaya masu kyau a jiki, haka za su sa mata gatari su auna. Da gawarwaki suka ƙare ɓata-gari suka koma kan garma, murfin rijiya, har ƙarfen da makarantu ke bugawa. Wata rana muna zaune tirela ta wuce shaƙe da ƙarfe, Alhaji ya bi ta da kallo ya ce, "Lawali, ga shagonmu can za shi Legas." Abokan sana'armu da yawa suka koma kabu-kabu, wato haya da babur. Alhaji kansa ya fara ajiye man juye da tayoyin mashin don kada a rufe ƙofa.

A shekarar ne aikin motar Baba Saje ya zo.

Saje Bawa tsohon direban soja ne, gidansa na unguwar Rikoto a kan tudu. Motarsa baƙa ce mai dogon hanci, tayoyinta masu sili kamar na keke, da hendul ake tayar da ita ta gaba. Tun kafin yaƙin duniya na biyu aka ƙera ta. Turawan mishan suka zo da ita, yana saurayi shi ke wanke ta, da na ƙarshensu zai tafi ya bar masa. Madam yake kiranta. Injinta lafiya lau, don Ɗanjuma bakanike na kula da shi kamar jariri. Sai wata Lahadi Baba ya fito za shi coci, ya taka birki a gangaren ƙofar gida, dorom ɗin gaba na dama ya tsage. Madam ta karkace ta je ta rungumi rumbun maƙwabci. Ba wanda ya ji ciwo, amma rumbu ya rushe, sifirin ɗin da ke ɗauke da nauyin motar ya karye, ƙafar gaba ta zauna.

Ɗanjuma ya kira ni in duba abin da za a nema, na tarar babban ɗan Baba, Iliya, ya zo daga Abuja.

"Baba, yau rumbu ne, gobe fa? Yaran unguwa a gangaren nan suke wasa."

"Madam ba ta taɓa taka ko kaza ba."

"Jiya ai ta taka dawar mutane. Ga 'yan gwangwan nan sun zo sun gani, sun ce za su ɗauka. Kowa ya huta."

Baba ya ce, "Ka fara ɗora ni a sikelin, in sun gaya maka nauyina sai ka ɗora ta."

Iliya ba mugu ba ne, tsoro yake ji, kuma da gaskiyarsa. Suka ja suka ja, har aka tsaya a kan magana ɗaya. In dangi sun taru da Kirsimeti, Madam za ta gangaro daga ƙofar gida ta tsaya a gindin mangwaron da ke ƙasan gangaren. In ta tsaya, ta zauna. In ta wuce, ko kuma ba a gama gyara ba, 'yan gwangwan su ɗauka, Baba ba zai ce uffan ba. Iliya ya ƙara da cewa shi zai zauna a gaba ya gani da idonsa.

Na koma na gaya wa Alhaji. Ya ce, "Wanga aiki naka na. Ni gwiwata ta bar hawan kabu-kabu."

Panteka na fara zuwa, da zarena da kwalina. Mai shagon farko ya tambaye ni inda ake zuba mata man birki. Na ce ba ta shan man birki, sanduna ne ke jan birkin kamar na keke. Ya kira maƙwabcinsa ya ce in maimaita. Suka yi dariya har da riƙe ciki. Wani ɗan Nnewi da muka saba da shi ya jujjuya kwalin ya ce, "Aboki, motar nan ta girmi kakana. Gidan tarihi za ka je." Na wuce Kano, nan ma haka. Na aika ƙullin zare Onitsha ta hannun direba, ya dawo mini da shi yadda na ba shi. Ko noti ɗaya na jikinta bai yarda da sifanar zamani ba, awonsu daban ne.

Da na dawo muka zauna da Ɗanjuma muka ware abin da hannu zai iya yi. Layinin ba matsala, muka yanko daga na babbar mota, muka goge shi ya yi daidai, muka ɗaure da ƙusar ribiti ta tagulla. Shokozobarta ce ta ba mu mamaki. Ba irin ta yanzu mai bututu da mai a ciki ba ce, hannuwa biyu ne kamar almakashi, da wasu faifai a tsakani. Muka kwance muka tarar faifan sun zama baƙin gari. Ɗanjuma ya ce roba ce, na ce fata ce. Ya ɗauki ɓallin da ya rage ya kara masa ashana, sai ga ƙamshin murhu. Itace ne. Turawa sun sa itace a ƙafar mota! Na kai wa mai sassaƙa turmi awon, ya fitar mana da su daga kirya, muka jiƙa su a baƙin mai har suka sha.

Saura sifirin da dorom. Sifirin maƙeri zai iya. Dorom kuwa ba a ƙera shi a maƙera, walda kuma ba ta riƙe shi, da ya ɗau zafi zai sake buɗewa. In ba dorom, duk sauran aikin banza ne.

Ina cikin auna tsagaggen a karo na ba adadi, Baba na zaune a kujerarsa, sai ya ce kamar da kansa yake magana, "Da ƙanwarta na nan da ba mu sha wahala ba."

Na ɗago. "Wace ƙanwa, Baba?"

"Ai su biyu suka zo, iri ɗaya. Ɗayar ta faɗa rafi can bayan Ribah da damina, tun kafin in shiga soja. Aka ciro Baturen, aka bar motar."

"Baba! Na je Kaduna na je Kano, ba ka faɗa ba?"

"Ka tambaye ni?"

To ku ji, ku masu waya. Tambayar farko a kan tsohuwar mota ita ce: ita kaɗai ta zo? Ƙarfe kuma ba ya ɓacewa a ƙauye, aiki yake sauyawa. Sifirin ya zama adda, aksul, ƙarfen da ke riƙe tayoyi, ya shiga amalanken shanu, ƙofa ta zama ƙyauren akurki. Abin da nake roƙo kawai kada 'yan gwangwan su riga ni.

Ranar kasuwar Ribah na kai karyayyen sifirin wurin wani tsohon maƙeri. Ya shafa shi ya ce irin wannan siririn babansa ya yi wuƙaƙe da shi, daga motar rafi. Ya ce zai rage faɗin na akori-kura ya lanƙwasa mini daidai, kuma ya yi. Na nuna masa kwalin dorom. Ya daɗe yana kallo.

"Kwanonin nan? Sauran an fasa. Ɗaya dai mai bishara ya karɓe ya rataye a cocinsu. In ba a sace ba yana nan."

Ya kwatanta mini ƙauyen, can kan dutse. Na tare ɗan kabu-kabu muka kama hanya. Lokacin girbin dawa ne, muka isa da hantsi gari ba kowa, duk suna gona. Ɗan kabu-kabun ya ce bari ya nemi ruwa. Ni kuma na hango cocin, ginin ƙasa da rufin kwano, ga tsamiya a gabansa. A jikin reshe ga abu na lilo a sarƙa.

Na sa zare, ƙulli ya zauna daidai. Na ɗora kwali, ramuka suka haɗu kamar tare aka huda su. Saura abu ɗaya. Hannuna da kansa ya shiga jaka ya fito da sifana.

Tiiin. Na bari ta mutu da kanta. Na matsa gaba. Tiiin. Na jira. Na sake matsawa. Wallahi ban taɓa jin dorom mai daɗin murya irinsa ba, ko alamar tsaga babu. Ina ta zagaya shi, ɗaya-ɗaya, yadda aka koya mini.

Sai na ji kuka daga wajen gonaki. Mace ɗaya, sai biyu, sai dutse gaba ɗaya ya ɗauka. Ga ɗan kabu-kabu a guje, ruwan ma ya zubar.

"Lawali, tsaya! Me kake yi? Ka san abin da ka buga?"

Ashe a ƙauyen, in an buga da sauri-sauri kiran sujada ne. In aka buga ɗaya-ɗaya ana jira murya ta mutu, rasuwa aka yi. Kuma akwai wani tsoho da ya daɗe yana jinya, kowa ya ce shi ne. Mutane suka yar da dammunan dawa suka taho, mata na kuka suna kiran sunansa. Ana cikin haka sai ga tsohon ya fito daga bukkarsa yana dogara sanda, yana tambaya wa ya rasu.

Kuka ya tsaya cak. Duk idanu suka juyo kaina, baƙo, da jaka, da sifana a hannu, a gindin ƙararrawarsu. Ba a daɗe da sace ta ƙauyen gaba ba. Samari suka matso da laujensu, wani ya ce ɗan gwangwan ne. Na duba waya, ko sandar sabis ɗaya babu.

Wata dattijuwa ta ratsa su ta tsaya a gabana. Mama Talatu ke nan, shugabar zumuntar mata, ita ke buga ƙararrawar tun rasuwar mijinta.

"Kai ɗan wa ne?"

Na faɗi sunan babana da na Alhaji, ba ta san ko ɗaya ba.

"Ka kashe mana mutum da sifana, ka tashe mu daga gona. Me ka zo yi?"

"Mama, wallahi ba sata ba. Wannan birkin mota ne."

"Birki? Tun ina yarinya nake jin ta, ba ta taɓa tsayar da kowa ba. Kira take yi."

Aka yi dariya kaɗan, na samu numfashi. Na ba su labarin Madam da Saje Bawa da sikeli. Wanda ya cece ni shi ne tsohon da na kashe. Ya ce yana cikin samarin da suka ciro Baturen daga rafi, kuma ya tuna wani Bawa mai wankin mota, siriri mai kunne. Mama Talatu ta ce to ta ji, amma dawar da aka yar saboda ni, ni zan kwaso ta. Haka na yini ina dakon dammuna da takalmin gayu, yara na bina suna cewa tiiin.

Da na sake komawa tare da Baba Saje muka je, a bayan mashin, ya saka hular soja. Fasto ya tarbe mu ya ce shi zuwa ya yi ya tarar da ƙararrawar, maganarta na hannun mata. Baba da Mama Talatu suka juya harshe zuwa yarensu na C'lela, abin da nake tsinta kaɗan ne. Na dai ga Baba na nuna gangare da hannu, na ga ta tafa hannu da aka zo wurin sikeli. Sannan ta juyo da Hausa don ni.

"Ba ta sayarwa ba ce. Amma in aikinta na fari ya kira ta, ba zan hana ba. Ka kawo mini wadda za ta maye ta. A ji ta har gonar da ke hayin rafi, kuma kada ta yi kama da ta kowa. Na biyu, ranar da za a gwada motar ina ciki. Shekaru ina dukan abu, in ga aikinsa."

Na ce wannan mai sauƙi ne. Na kai mata rim ɗin tayar tirela, wanda na ƙwato da ƙyar daga hannun mai faci. Ta buga sau ɗaya, sai ga yaran firamare sun ɓarke daga aji suna murna an tashi. Irin ta makarantarsu ce sak. Ta ce in ɗauke kayana. Na kai guntun ƙarfen garmar tarakta, ta ce muryar kamar ana fasa kwano. Kirsimeti na matsowa, 'yan gwangwan kuma har sun fara gaida Baba da safe.

Alhaji ne ya ce in duba wurin masu walda. Na samu tsohuwar tukunyar iskar walda da ta daina riƙe iska, aka yanke gindinta, aka sa mata kunne. Muka ɗaure a mashin muka hau dutse da ita. Mama Talatu ta aika mata biyu gonar hayin rafi, ta ce in sun ji su ɗaga zane a kan sanda. Ta ɗauki ƙarfenta ta zuba mata na sauri-sauri. Muka zuba ido. Can sai ga jan zane na kaɗawa a hayi.

Ta ce, "Muryarta ta yi kauri, kamar namiji. Amma tana kaiwa. Kwance waccan."

Da hannunta ta goge dorom ɗin da gefen zane kafin ta miƙa mini.

Sauran aikin na Ɗanjuma ne. Muka kai dorom wurin mai injin gyaran ƙarfe ya share tsatsar ciki, sama-sama don kada ya yi siriri. Sannan saitin sanduna, wanda shi ne wahalar irin wannan birkin: dole tayoyi huɗu su cije tare, in ɗaya ta riga, mota ta karkace. Muka ɗora Madam a kan duwatsu, Baba na taka birki, ni ina juya taya da hannu, Ɗanjuma na ƙarƙashi yana ƙara noti yana ragewa yana zagin wanda ya ƙera ta. Muka gwada ta a fili ta tsaya. Amma fili daban, gangare daban.

Ranar Kirsimeti bayan an taso coci, Rikoto ta cika. Iliya ya sa aka kwashe yara daga gangaren. Alhaji Mani ya zo da gwiwar tasa. A gindin mangwaro kuma ga mai gwangwan da akori-kurarsa, ya ajiye sikeli a ƙasa yana jira, har da murmushi. Mama Talatu ta iso cikin ankon zumunta, ta shiga baya ta zauna kamar matar gwamna, ta ce in zauna kusa da ita tunda ni na jawo. Iliya na gaba, hannunsa a kan mariƙin ƙofa. Ɗanjuma ya murza hendul, Madam ta yi tari ta kama.

Baba ya saki motar a gangare. Tuƙin tsoffin direbobi yake yi, ba ya danne birki gaba ɗaya, ya taka ya saki, ya taka ya saki. Da ya taka na farko sai ƙafar gaba ta dama ta ce tiiin. Sabon layinin ne ke gogar dorom, amma muryar ita ce dai ta gindin tsamiya. Mama Talatu ta damƙe mini hannu. Ya saki, mota ta ƙara gudu, mangwaro na tahowa. Tiiin. Iliya ya ce, "Baba." Baba bai kula shi ba. Tiiin. Sannan ya miƙe ƙafa ya danne.

Madam ta tsaya a miƙe, ba karkata, hancinta a inuwar mangwaro, sikeli na gabanta bai taɓu ba.

Ihu ya tashi daga sama. Iliya ya saki mariƙin ƙofar. Ya fita ya zagaya motar, ya taɓa taya, ya leƙa ƙarƙashi kamar ya san abin da yake dubawa. Sannan ya ce, "Baba, ta zauna. Amma duk ranar da za ka fita, a kori yara daga gangaren." Baba ya ce ya yarda. Ya sa hannu ƙarƙashin kujera ya jawo tsagaggen dorom ɗin, ashe tun safe ya ɓoye shi, ya miƙa wa mai gwangwan ta taga.

"Ungo, kada ka koma hannu wofi. Auna wannan."

Mama Talatu ta sauka ta je ta duƙa a ƙafar dama, ta kara kunne, ta shafa. Ta miƙe ta ce, "Saje, na ji ta, ita ce. Amma wa ya koya maka taka ta ɗaya-ɗaya? Kai ma irin yaron nan ne? Yau Kirsimeti, za ka sa mutane su ce an yi rasuwa. Koma sama ka taka mana na sauri."

Baba ya juya Madam ya hau tudu, ya sake gangarowa yana taɓa birki tin-tin-tin-tin, matan unguwa na guɗa.

Aikin nan ne ya sa aka san ni har na iso Kaduna. Yanzu ni ma da waya nake aiki, kuma tana sauƙaƙa abubuwa, ban musa ba. Amma sifanar na cikin aljihuna har gobe. Kai kuma da ka zo jiya, in da gaske kake, ka dawo shago da safe. Na ajiye maka sabulu.